Shekarar da Na Ɗana wa Falmata Tarko

Kun san halina, ba na yarda da mutum a gaisuwar farko, wani ma har ta goma. Shekara talatin na yi ina buga tafireta a ofishin gwamnati, takardun sirri suna bi ta ƙarƙashin yatsuna, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne takarda ba ta fita waje da kanta, sai an ɗauke ta. Da wannan ilimin na yi ritaya na dawo gida Gwammaja, da shi kuma na tafka kuskuren da ya fi kowanne girma a rayuwata. Ku 'ya'yana kowannenku gefensa kawai ya gani, saboda haka zan faɗa daga farko, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba.

Ban yi wata uku ina hutawa ba matan unguwa suka gano ni. Zamani ya juya, komai sai an cike fom a intanet: neman makaranta, neman aiki, ganin likita, har rajistar tallafin zawarawa. Akwai shagunan da ake yin wannan a bakin titi, amma mace mai kamun kai ba ta son zuwa, domin samarin wurin sai sun karanta fom ɗin mutum da ƙarfi, ga mutum goma a benci sun baza kunne. To da babbar yayarku ta aiko mini da laftof, sai ɗakina ya zama ofis. Mace ta shigo, a saki labule, ta faɗa mini abin da ko mijinta bai sani ba, in buga, in tura. Abin da ake ba ni bai taka kara ya karya ba, wata ma ƙuli-ƙuli take kawowa. Sunan da na samu shi ya fi mini komai, domin ana cewa abin da ya shiga ɗakin Malama Zulai ya shiga ke nan. Sai dai yatsuna ne suka san haruffa, intanet baƙona ne. Wadda ta koya mini ita ce Falmata, matar autana Nasiru, da suke zaune tare da mu a sashen baya. 'Yar Ƙofar Mazugal ce, iyayenta Barebari ne da suka daɗe a birni, kuma ta karanta kwamfuta a kwaleji. Yarinya ce mai ladabi, ba ta ɗaga murya, ba ta shiga abin da ba a sa ta ba. Ni kuwa shiru-shirun mutum bai taɓa kwantar mini da hankali ba. Ban ƙi ta ba, Allah ya sani, amma ban taɓa sakin jiki da ita ba, alhali ba ta yi mini komai ba.

Ita ta nuna mini burauza, wato manhajar da ake buɗewa a shiga intanet, da abubuwan da suka zo a jikinta tun daga wurin masu ƙera ta. Akwai mai adana kalmar sirri, akwai mai tuna suna da lambar waya ya cike wa mutum da kansa, akwai mai jan gargaɗi in za a faɗa shafin 'yan damfara, akwai kuma wata baƙar taga da ba ta riƙe tarihin inda aka shiga. Ranar da na fara buga sunan wata mata na ga burauza ta ƙarasa mini sauran, har da lambarta, sai da na janye hannuna.

"Wa ya ce ta riƙe?" na ce. "Wa take kai wa?"

"Umma, don ta sauƙaƙa miki ne. In ba kya so ana kashewa."

"Kashe. Duk ki kashe su. Mutumin da ban taɓa gani ba ya ba ni abu kyauta, kuma ya cusa masa kunnuwa tun daga gida? Ni za a yi wa wayo?"

Ta kashe mai tuna sunaye da mai adana kalmar sirri, ta ce gara hakan ma a na'urar da ake yi wa jama'a aiki. Da ta zo kan mai gargaɗi ta roƙe ni in bar shi, na ce shi ma ya bi 'yan'uwansa, ba na son mai gadin da ba ni na ɗauke shi aiki ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, na ɗauka na toshe duk wata kafa.

A shekarar da nake ba ku labari mahaifinku ya rasu. Na shiga takaba, ba fita, gida ya yi mini faɗi. Bayan sadakar arba'in masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sai ni da tabarma da carbi, sai fom ɗin da mata ke kawowa jefi-jefi, wanda nake karɓa don yana rage mini tunani. Wata rana da hantsi saƙo ya shigo guruf ɗin matan Islamiyyarmu. Wata baiwar Allah ce ta turo, ita ma turo mata aka yi. An ce sadaka ce mai gudana ga mamatanmu: ki ɗora wannan ɗan abu a kan burauzar kwamfutarki, ki rubuta sunan wanda kika rasa, duk sanda kika buɗe sabon shafi sunansa zai fito da addu'ar neman gafara, ki karanta ki shafa, lada ya isa kabarinsa. Falmata ta tafi awo a ranar, tana da cikin fari, sai na buɗe laftof ni kaɗai na bi abin da aka ce. Kafin ya hau wani ɗan akwati ya fito da Turanci, yana cewa wannan abu zai iya karanta duk abin da ke shafukan da nake buɗewa, na yarda? Kada wani ya ce muku ban gane ba. Turancin ofis na ci na ƙoshi, kuma sau biyu na karanta. Ni da nake juya katin biki in duba bayansa, na ce a raina ai dole ya ga shafi kafin ya san inda zai ajiye addu'a. Na danna na yarda. Sannan ya nemi sunan mamaci. Shekara arba'in da ɗoriya ina auren mutumin nan ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ranar na zauna na buga shi harafi bayan harafi. Da ya fito da koren rubutu, addu'a a ƙarƙashinsa, na kifa kaina a teburi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Washegari Falmata ta zo taya ni wani aiki, ta buɗe burauza ta yi turus.

"Umma, wa ya sa miki wannan?"

"Ni na sa. Ko sai na nemi izini?"

"Ba haka nake nufi ba. Wannan ba a jikin burauza yake ba, ƙari ne, irin wanda ake ce wa ekstenshan. Waɗancan da kika sa na kashe an san masu su. Wannan kuwa kowa yana iya haɗa shi a ɗakinsa. Akwai nagari da yawa, amma wannan ban ga sunan mai shi ba, kuma kin ba shi izinin ganin komai. Kamar ki ɗauko baƙo daga tasha ne ki zaunar da shi a bayan labule mata suna magana."

"Baƙon da ke yi wa surukinki addu'a?"

"Addu'ar tana da kyau, Umma. Sai in rubuta miki ita da sunan Baba in sa a fuskar laftof ɗin, kullum ki gani. Ki bari in cire wannan."

Na dube ta sama da ƙasa. Na ce abin bature ta roƙe ni in bari, abin Musulmi kuma tana roƙo in cire, to wane irin karatu aka koya mata a kwalejin? Na ce mutumin nan ko wata uku bai yi a ƙasa ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ba ni haƙuri, ba ta sake tayar da maganar ba. Ni kuwa na ajiye abin a raina.

Ba a yi wata guda ba aka fara kira. Wata da na cike wa ɗanta fom ɗin neman aiki ta zo tana murna, wai an bugo daga ofishin, sun faɗi sunan yaron da makarantar da ya gama, sun ce a tura kuɗin tantancewa. Ta tura, lambar ta daina shiga. Na ce ma'aikatan ciki ne ke sayar da sunaye, na san halinsu. Ta biyu ta zo, ta uku ta zo, kuma ofisoshin ba ɗaya ba ne. Sannan aka zo kan Uwani, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu. Bazawara ce mai ɗa ɗaya, Sadiƙu, wanda ya faɗa shan ƙwaya a ɓoye, tana ta rufe abin saboda an sa masa rana da 'yar baffansa. Ta ji labarin wata cibiya da ake kwantar da irinsu a yi musu magani, ta zo mini da rana tsaka ta ce bayan Allah sai ni. Fom ɗin ya nemi lambar wani namiji a dangi, ta ba da ta baffan, tana cewa ai ba za a kira shi ba sai in rai ya yi halinsa. Bayan kwana huɗu aka kira shi, wai daga cibiyar. Aka karanto masa irin ƙwayoyin da yaron ke sha kalma da kalma yadda na buga, aka ce ya turo kuɗin gado. Bai tura ba, sai dai ya sa an mayar da kayan sa rana kafin la'asar. Uwani ta shigo ɗakina ko sallama babu.

"Malama Zulai, me na yi miki?"

"Wallahi, Uwani, bakina bai furta ba."

"To bangon ɗakinki ne ya furta? Mu biyu ne a nan. Sai surukarki da ta leƙo ta kawo ruwa."

Ita ta fara ambaton Falmata, amma ba zan ɗora mata ba, domin tunanin ya riga ya kwana a zuciyata. Na zauna na jera abubuwa yadda na saba a ofis. Mutum biyu ke taɓa laftof ɗin nan, kuma ni na san ban yi ba. Falmata ta san kwamfuta ciki da waje. Kwanan nan ta ɗinka sabon leshi. Kuma ita ce ta so a cire addu'a, wataƙila don abin Allah yana takura wa mai mugun nufi. Komai ya zauna daram a inda nake so ya zauna. Leshin nan, daga baya na ji, Nasiru ne ya saya mata. Na shiga sa mata ido. In ta ɗaga waya a tsakar gida sai in rage rediyo. In ta juya harshe zuwa Barbarci da mahaifiyarta in ce ga shi nan, ana ɓoye mini. In ta kawo abinci da fara'a in ce daɗin baki ne, in ta kawo ba fara'a in ce laifinta ne ke cin ta. Ba abin da yarinyar nan za ta yi ta tsira a wurina.

Da na fita takaba na ɗana tarko, har ina alfahari da shi. Na sayi sabon layi na sa a tsohuwar wayar mahaifinku, ban faɗa wa kowa ba. Na ƙirƙiro matar da babu ita a duniya, na sa mata suna Hajiya Tabawa, na ba ta ciwon ƙoda, na rubuta a takarda da sabuwar lambar. Na kira Falmata na ce idona yana ciwo, ta buga mini wannan a fom ɗin ganin likita. Ta zauna da cikinta ta buga ta tura, har tana yi wa baiwar Allah fatan samun lafiya. Na karɓe takardar na ƙona. A kwana na uku, ina shanya, wayar ta yi ƙara. Wani mai muryar kamala ya yi sallama, ya tambayi jikin Hajiya Tabawa. Zan faɗa muku abin da na ji ko da ba shi da daɗin ji: daɗi na ji. Ban yi baƙin cikin matar ɗana ta zama maciya amana ba, murna na yi hasashena bai faɗi ƙasa ba. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa a burauzar nan ta buga, wadda na ɗora wa ƙari da hannuna.

Da Nasiru ya dawo daga kasuwa bayan la'asar na tara su a ɗakina, na ajiye wayar a tsakiya, na warware musu komai.

"Bayan ni, mace ɗaya ce ta san Hajiya Tabawa," na ce. "Ga ta nan zaune."

Falmata ta ce, "Umma, ba mu biyu ba ne, mu uku ne. Na faɗa miki tun ranar."

"Au, mamacin za ki ɗora wa?"

"Ba Baba nake nufi ba, abin da aka..."

"Rufe mini baki! Kin ci amanar matan unguwa, yanzu kuma addu'ar da ake yi wa uban mijinki ce ɓarauniya? Nasiru, ka dai ji da kunnenka."

"Umma, a bi a hankali," in ji shi. "A kawo Alƙur'ani mana, ko a kai laftof ɗin wani ya duba."

Na ce ba mai kai sirrin mutane shagon kowa, kuma ba na sa mai ciki rantsuwa, kada abin ya faɗa kan jikana. Kun ji wai tausayi. A numfashi ɗaya na toshe mata hanya biyu ta wanke kanta, na kuma ce ko ni ko ita a gidan. Nasiru ya dafe kai. Yaro ne mai biyayya, kuma ranar biyayyarsa ta cuce shi. Falmata ta haɗa kayanta a akwati ɗaya, ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Umma, na tafi. Don Allah in za ki buga sirrin wani, ki buɗe baƙar tagar nan da na nuna miki. Ƙari ba ya shiga can."

Na kawar da kai. Nasiru ya riƙa gaya wa mutane ta tafi goyon ciki ne gidansu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, kuma da na bar shi a haka da abin ya zo da sauƙi. Amma washegari na ce wa Uwani ta kwantar da hankalinta, na gano ɓarakar na toshe ta. Ban kama suna ba, ba na ma bukata, unguwa ta ga wadda ta fita da akwati. Kafin Juma'a labari ya kai Dala, ya kai Ƙofar Mazugal, har an ƙara masa cewa da ƙannenta take haɗa baki. Na canza kalmar sirri, na kulle laftof a akwatin ƙarfe, makullin a ɗaure a bakin zanena. Mata suka dawo suna yi mini sannu da ƙoƙari, wai ba kowace uwa ce za ta zaɓi amana a kan surukarta ba. Mako biyu na yi ina shan yabo. A na uku wata mai neman tallafin zawarawa ta dawo ta ce an kira ta. Na ce tsohon aiki ne, tun na Falmata. Ta ce a'a Malama, shekaranjiya fa kika cike mini. Na ce to daga nesa take leƙowa, ai sun iya. Ina faɗa ina jin maganar ba ta zauna ba.

Kwana biyu ina kewaya akwatin nan kafin na buɗe shi. A wannan karon mata biyu na ƙirƙiro, na ba su ciwo ɗaya da lambar tsohuwar wayar nan, a fom ɗin asibiti ɗaya. Ta farko, Hajiya Dije, na buga ta a inda na saba. Ta biyu, Hajiya Kande, na buga ta a baƙar tagar. Ban taɓa son tagar nan ba saboda addu'ar ba ta fitowa a cikinta, kuma sai ranar na tsaya na tambayi kaina dalili. In asibitin ne ke sayar da mu, ko Falmata ce ke leƙen laftof daga nesa, za a nemi su duka biyun. Bayan kwana uku aka kira, aka tambayi jikin Hajiya Dije. Na ce da sauƙi, na kashe. Na zauna jiran a nemi Kande, kuma wallahi addu'a na riƙa yi a neme ta. Ku duba wannan hali, tsohuwa da carbi a hannu tana roƙon Allah ya tabbatar da laifi a kan surukarta don kada ya dawo kanta. An sake kira sau biyu a makon, duk Dije ake nema. Kande ba wanda ya taɓa tambayar ta.

Na naɗe laftof a zane na tari a-daidaita-sahu zuwa Ƙofar Mazugal. Ba nisa, amma sau biyu na kusa cewa mai keken ya juya. Hajja, mahaifiyar Falmata, ta amsa sallamata daga inda take zaune tana tsintar shinkafa, ba ta sa an shimfiɗa mini tabarma ba. Falmata ta fito da ƙyar, cikin ya tsufa, za ta durƙusa na ce ta bari. Na kwance zanen, na ba su labarin Dije da Kande, ban iya kallon kowa ba.

"Ki cire shi," na ce. "Ni ban san ta inda ake cirewa ba."

Ta buɗe jerin abubuwan da aka ƙara wa burauza. Guda ɗaya ne tak, nawa. Ta kai kibiya kan inda aka rubuta a cire, sannan ta janye hannunta.

"Umma, ke za ki danna. Kada gobe a ce ni na goge sunan Baba."

Maganar ta soke ni, kuma ni na jawo. Na danna. Ta buɗe sabon shafi, fari fat. Ta mayar da mai gargaɗin da na sa ta kashe, ta ce da yana nan wataƙila da ya tare ni tun ranar farko, wataƙila kuma da bai tare ba, ba ta da tabbas. Ko a nan ba ta yarda ta ƙara gishiri don ta kayar da ni ba. Na ce ta yafe mini, sau uku na faɗa, na ukun da kuka. Ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma na san har zuciyarta ta faɗa. Sai Hajja ta ajiye farantin shinkafa.

"Malama, kin kyauta da kika tako. Amma a ɗaki kike ba da haƙuri, ita kuwa a titi aka ɓata ta. Ƙannenta sun daina zama a ƙofar gida. Rannan a gidan suna wata ta ɗauke jakarta daga kusa da ni. Ni fa, da furfurata."

"Zan gyara, Hajja. Gida-gida zan bi."

"Allah ya ba ki iko," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Na kuwa bi. Duk matar da na taɓa cike wa fom na je gidanta na yi bayani: ga abin da ya zo da burauza, ga abin da ni na ɗora mata, ga izinin da na karanta na bayar. Na rubuta a guruf ɗin Islamiyya cewa duk wadda ta sa abin nan ta cire, wata ta amsa cewa a ji tsoron Allah, kada a hana mamata lada. A gidaje kuwa ana saurarena da ladabi, ana gyaɗa kai, ana kawo mini ruwa, na ɗauka ana fahimta. A cikin kwanakin Falmata ta sauka, aka samu Ummi. Bayan arba'in ta koma ɗakin mijinta, amma ba a Gwammaja ba. Nasiru ya kama musu haya a wajen ganuwa, ni kuma ban tambaye shi dalili ba. Uwani na bari a ƙarshe, don ita ta fi kowa cutuwa, maganar auren Sadiƙu ba ta sake tasowa ba. Na same ta tana tankaɗe. Na faɗa mata komai, na ce hannuna ne ya jawo mata, in za ta riƙe wani a rai to ni za ta riƙe. Ta saurara har na gama, ta karkaɗe hannunta ta kama nawa.

"Allah ya saka miki da alheri, Malama. Haka ake son babba. Jika ta zo, dole a rufa wa uwarta asiri. Ni kam ba za a ji daga bakina ba."

"Uwani, ba rufin asiri nake ba. Wallahi tallahi..."

"A'a, a'a, kada ki rantse. Kada ki ɗauki zunubi saboda ita. Addu'a ce za ta yi sata? Ai mun gane."

Na fito na tsaya a lungu na rasa ta inda zan bi, ni da aka kawo unguwar nan tun ina amarya. Ranar da na shafa wa yarinyar nan kashin kaji ko sunanta ban kama ba, kafin Juma'a kowa ya yarda. Yau shekara shida ina faɗin gaskiya da suna da rantsuwa, waɗanda suka gaskata ni ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Har yanzu in Falmata ta zo gaishe ni ina ganin yadda hira ke mutuwa a ƙofar gidaje sai ta wuce. Ita ma tana gani, ta gaida kowa, ta shigo ta zauna ta tambaye ni ya ƙafa.

Ke Ummi, ke na fi ji. Wata rana a gidan biki wata za ta ja ki gefe, ta rage murya, ta ce akwai abin da ya kamata ki sani game da mahaifiyarki. Ki bar ta ta gama. Sannan ki ce mata kin riga kin ji labarin, kuma daga bakin wadda ta aikata kika ji shi, kakarki Zulai.